Yadda Ake Fitar da Shuɗin Launi Daga Dutsen Azurait

Daga cikin launukan da ɗan Adam ya sha wahala kafin ya mallake su, babu kamar shuɗi. Gama ko da yake Ubangiji Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa shi bisa kawunanmu tun daga gabas har yamma, bai ajiye shi cikin ƙasa a yalwace ba yadda ya ajiye ja da rawaya da fari, waɗanda ko yaro ma yana iya tono su a gaɓar rafi. Mu a ƙasar Hausa ganye ne ya fisshe mu, watau baba, wanda marina suke tsimawa a karofi su rina saƙi da shi har ya yi baƙin shuɗi mai ƙyalli. Amma shunin baba rini ne, aikinsa ya ratsa zare ya zauna, in kuwa aka shafa shi a takarda ko bango sai ya yi duhu ya dushe. Saboda haka masu zane da masu zayyana na ƙasashen Turai da Farisa da Sin, da suka bukaci shuɗi mai haske wanda rana ba ta cinye shi, sai suka koma ga duwatsu, suka kuwa sami guda biyu. Na farko shi ne lazawardi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan ta ƙasar Afganistan, tsadarsa kuwa a wasu zamanai ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta zinariya. Na biyu shi ne wanda malaman ma'adinai suke kira azurait, shi ne kuma abin maganarmu a nan.

Wajibi ne mu fara da asalin dutsen, domin wanda bai san yadda aka yi ya samu ba, ba zai gane dalilin da ya sa yake da saurin fushi a hannun mai aiki ba. Azurait ɗa ne daga 'ya'yan jan ƙarfe, kuma ba ya cikin ma'adinan farko waɗanda suka taso daga zurfin ƙasa da zafinsu. A bayansu ya zo, daga rushewarsu aka gina shi. Jan ƙarfe a can ƙasa galibi a haɗe yake da baƙin ƙarfe da farar wuta, cikin wani ma'adini mai ruwan tagulla da ake kira calkofirait. Idan zaizayar zamani ta kusanto da wannan jijiya zuwa saman ƙasa, ruwan sama ya riƙa tsiyaya a kanta ɗauke da iska, sai farar wutar ta juye ta zama ruwa mai tsananin tsami, dangin ruwan batir, shi kuwa ya narkar da jan ƙarfen ya gangara da shi ta tsagogin dutse, ya bar baƙin ƙarfe a sama ya yi tsatsa jawur. Wannan jar hula ita ce alamar da mahaƙa suke fara nema. To, in Allah ya ƙaddara ruwan nan mai ɗauke da jan ƙarfe ya ci karo da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, sai tsaminsa ya karye, jan ƙarfen ya auri sinadarin kabonet da ke cikin dutsen, su daskare tare a jikin kogo ko tsaga.

A nan ne mas'alar take da daɗin nazari, domin abu biyu ne suke iya fitowa daga wannan aure, kuma kayan haɗinsu ɗaya ne, gwargwado ne kaɗai ya bambanta su. In an sami jan ƙarfe biyu a kan kabonet ɗaya, sai a sami malakait, dutse kore shar. In kuwa jan ƙarfe uku ne a kan kabonet biyu, sai a sami azurait, shuɗi mai zurfi wanda manyan ƙwayoyinsa har baƙi-baƙi suke yi. Abin da yake yanke hukunci tsakaninsu shi ne yawan iskar kabon da ke narke cikin ruwan: shuɗin ba ya samuwa sai ta yi yawa ƙwarai fiye da yadda take a sararin da muke shaƙa, alhali koren ya wadatu da kaɗan. Wannan ne sababin da ya sa malakait ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne kuma sababin da ya sa azurait, idan ya daɗe cikin laima bayan sharaɗin samuwarsa ya gushe, yakan riƙa komawa kore sannu a hankali, har a sami dutse mai siffar azurait da kusurwoyinsa cif, amma jikinsa duka ya zama malakait.

Wuraren da ya yi suna ba su da yawa. Akwai Shesi kusa da birnin Liyon a Faransa, inda aka ci karo da shi jibge a farkon ƙarni na 19, kuma wani malami Bafaranshe mai suna Beudant ne ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau a shekarar 1824. Akwai Tsumeb a Namibiya, wadda masana suke ganin ba a taɓa samun ƙwayoyi masu kyan nata ba. Akwai Bisbi da Morensi a jihar Arizona ta Amurka, da Milfiyas a Meziko, da Tuwisit a gabashin Maroko kusa da Wujda. Masu zanen Turai na da kuwa daga ma'adinan Jamus da Hangare suke samun nasu, shi ya sa mutanen Italiya suke ce masa shuɗin Jamus.

Aiki na farko ga wanda dutsen ya shigo hannunsa shi ne ya tabbatar da abin da ya saya, gama ha'inci a wannan fatauci tsoho ne. Azurait ba shi da tauri sosai, matsayinsa tsakanin 3.5 da 4 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, don haka bakin wuƙa yana yi masa zane ba wuya. Yana da nauyi a hannu, ya kusa ninka nauyin ruwa sau 4, domin kimanin kashi 55 cikin 100 na jikinsa jan ƙarfe ne. In aka goga shi a gindin tangaran inda ba a shafe ba, sai ya bar layi shuɗi mai haske. In aka ɗiga masa asid, sai ya tafasa da kumfa ya narke. Amma gwajin da ya fi yanke shakka shi ne na wuta: a ɗora ɗan garinsa a kan ƙarfe a gasa har ƙarfen ya yi ja, azurait zai saki ruwansa da iskarsa ya koma baƙi ƙirin, lazawardi kuwa zai fito da shuɗinsa bai canza ba. Ba don wasa aka riƙa yin wannan ba. A shekarar 1485, da aka ƙulla yarjejeniya da mai zane Ghirlandaio a birnin Fulorans, sai da aka rubuta a takarda cewa shuɗin da zai sa lalle ya zama na lazawardi mai darajar kusan fulorin 4 kowace oza, domin an san mai araha yana iya shigewa a madadin mai tsada.

Bayan tabbatarwa sai tsinta, ita ce kuwa aikin da ya fi cin ido da haƙuri. A naɗe dutsen cikin tsumma mai kauri don kada ya fantsama, a farfasa shi da guduma har ya koma kamar girman wake, a baje a faranti fari a wuri mai haske, sa'an nan a zauna da hantsaki ana ware shuɗi tsantsa gefe guda, kore gefe guda, mai tsatsa da farin dutse gefe guda. Wani zai ce me ya sa ba za a bar wa ruwa wannan aiki ba, tun da wanki yana nan tafe? Amsa ita ce ruwa da nauyi yake rarrabewa, ba ya ganin launi. Yashi da farar ƙasa ba su kai azurait nauyi ba, ruwa yana iya raba su da shi. Amma malakait nauyinsa ya yi kusa da na ɗan'uwansa ƙwarai, tare za su nutse tare za su kwanta, kuma duk koren da aka ƙyale a wannan mataki yana nan cikin launin har abada. Koren da aka ware ba asara ba ne, shi ma launi ne mai daraja, ta wannan hanya ake gyara shi.

A nan ya kamata in tsaya in yi gargaɗi da babbar murya. Kada a kuskura a daka wannan dutse a turmin da ake daka abinci, ko a niƙa shi a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Ƙurar jan ƙarfe ita kanta cuta ce, ga shi kuma azurait yakan fito a maƙwabtaka da ma'adinan dalma, kamar yadda yake a Tuwisit da Tsumeb. Ba mu manta da musibar da ta auka wa ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu da gubar dalma saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Turmi na dabam, rariya ta dabam, a rufe hanci, a wanke hannu, kuma da zarar an wuce dakan farko a ci gaba da aikin a jiƙe.

Sa'an nan daka. Turmin ƙarfe ko na tagulla ake so, a zuba kaɗan-kaɗan, a daka da sara daga sama, ba da murzawa ba, a tankaɗe a rariya mai laushi, abin da ya wuce a ajiye, tsakin da ya rage a mayar turmi. Hikimar yawaita tankaɗe ita ce kada ƙwayar da ta riga ta kai girman da ake so ta ci gaba da shan taɓarya a banza. Daga nan a ɗauki garin a zuba a kan faifan dutse mai tauri mai santsi, a ɗiga ruwa ya yi kamar kunu, a murza da ɗan dutse, murza ta ɗan lokaci da hannu sassauƙa.

Wannan shi ne zuciyar sana'ar duka, kuma ya saɓa wa abin da mai haɗa launi ya saba da shi. Baƙin gawayi da jar ƙasa, ko da an wuni ana niƙa su, ƙara kyau suke yi. Azurait kuwa ɓarza yake so, ba ya son a yi masa lilis, domin shuɗinsa a cikin kaurin ƙwayar yake zaune. Haske idan ya shiga ƙwaya mai kauri yakan yi tafiya a cikinta, ta shanye jan da ke cikinsa, ta mayar wa ido shuɗi mai zurfi. In kuwa ƙwayar ta yi ƙanƙanta ainun, hasken ba ya samun wurin tafiya, daga fuskarta yake komowa fari kamar yadda ya zo, sai launin ya koɗe ya zama ruwan toka-toka. Abin da aka ɓarza ana iya ƙara niƙa shi gobe, amma abin da aka niƙe ba mai iya mayar da shi. Cennino Cennini, mai zane na ƙasar Italiya wanda ya rubuta littafinsa na sana'ar zane wajen shekarar 1400, ya ja kunnen almajirai a kan wannan, ya ce a taɓa shi kaɗan kawai domin ba ya jimirin dutsen niƙa. Ya kuma ba da labarin yadda ya ga jijiyar shuɗin da idonsa a wani kwari, sa'ad da mahaifinsa ya kai shi. Ƙwararre da kunne yake aunawa tare da hannu: muddin ana jin ƙaras-ƙaras ƙarƙashin dutsen, launi yana nan, da zarar ƙarar ta ɗauke, ya tafi.

To, ko an yi hattara yaya, abin da zai taso daga kan faifan gauraye ne, manya da ƙanana da ƙura da laka, kuma kallonsa ba ya faranta rai, shuɗi ne mai datti. Wanki ne zai fito da shi. A jera kwanoni farare huɗu ko biyar, a zuba kunun a na farko, a cika da ruwa mai tsabta, ruwan sama in da hali, a dama da yatsa ko tsinke har komai ya tashi, a dakata kamar tsawon numfashi kaɗan, sa'an nan a tsiyaye ruwan sama-sama zuwa kwano na biyu ba tare da an motsa na gindi ba. Na biyun a bar shi ya ɗan fi daɗewa, a tsiyaye zuwa na uku. Na ukun ya fi haka daɗewa. Na ƙarshe kuwa a rufe shi ya kwana. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta bar ta ta kwanta ta zubar da ruwan sama, ta riga ta san rabin wannan aiki. Ƙa'idarsa kuwa, wadda malami Stokes ya bayyana da lissafi a 1851, ita ce ƙwayar da ta ninka 'yar'uwarta faɗi sau biyu takan riga ta nutsewa da sauri ninki huɗu. Masu sana'a sun yi ƙarnuka suna aiki da ita kafin a rubuta ta.

Ba sau ɗaya ake yi ba. A koma kwano na farko a sake cikawa, a dama, a tsiyaye, a yi ta maimaitawa har ruwan da ke tashi daga kansa ya fito garau. Ruwan farko-farko ja-ja ne ko toka-toka saboda tsatsa da yumɓu, wannan zubarwa ake yi a rami, nesa da rijiya da dabbobi. Sai dai akwai wata ƙura mai naci wadda take manne wa manyan ƙwayoyi, ruwa zalla ba ya raba su, shi ya sa littattafan sana'a na da suka yi umurni a cuɗa garin da zuma, ko ruwan ƙaro, ko ruwan toka da sabulu, kafin a wanke. Zuma da ƙaro suna ƙara wa ruwa kauri, su riƙe ƙananan ƙwayoyi a sama su daɗe ba su nutse ba, manya kuwa su sauka su kaɗai. Ruwan toka kuma yana kwance dattin da ya like. Abin da za a nisanta shi ne duk wani mai tsami, ko lemon tsami ko tsamiya, domin cin dutsen yake yi. In an gama, sai a ɗauraye da ruwa zalla sau da yawa, kada a bar zaƙi ko toka a ciki.

Sa'ad da ruwa ya lafa aka duba gindin kwanonin, a nan mai aiki yake cin ladan wahalarsa. Na farko shuɗi ne mai duhu kamar sama bayan magariba, yana ƙyalƙyali in an juya shi a rana, ƙwayoyinsa kamar yashi mai laushi. Na biyu shuɗi sosai, shi ne aka fi nema. Na uku ya yi haske. Na ƙarshe kuwa fari-fari ne mai ɗan shuɗi, laushinsa kamar kwalli. Dutse ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba. Mutanen Sin suna kiran waɗannan shuɗi na ɗaya da na biyu da na uku da na huɗu, kuma da shi aka yi ado a bangon kogunan Dunhuwang da ke kan tsohuwar hanyar fataken siliki. Mutanen Japan sun fi kowa tsanantawa, gama suna rarraba shi hawa-hawa da lambobi, lamba tana ƙaruwa launi yana ƙara haske, har ma sukan gasa wani kashi a kasko da gangan, gashi na ƙima, don su sami shuɗi mai duhu da za su yi inuwa da shi. A shanya kowane kashi dabam a inuwa, a rufe da ƙyalle saboda ƙura, a zuba a kwalba busasshiya.

Saura shafawa, ita ma da nata sharuɗɗa. Garin dutse ba ya kama takarda da kansa, sai da abin ɗauri, kuma wanda ya fi dacewa da shi shi ne danƙon da ake dafawa daga fata, ko ƙaro, wannan ƙaro dai da alarammominmu suke sa wa tawada, wanda ake tsinta a jikin dakwara daga Sudan har Barno da Yobe. Gwaiduwar ƙwai ma tana ɗaure shi, sai dai takan ja shi zuwa kore kaɗan. Mai kuwa, irin wanda masu zanen Turai suka koma gare shi daga ƙarni na 15, yana rawaya in ya tsufa, rawaya a kan shuɗi kuma kore take haifarwa. Don haka da yawa daga riguna da sararin sama da ake gani sun yi kore ko baƙi a tsofaffin zane-zane, ba dutsen ne ya lalace ba, man da ke kewaye da shi ne. Tun da ƙwayoyin manya ne, shafa ɗaya ba ta rufe fili, sai an yi hawa biyu ko uku, a fara da mai laushi a ƙasa don ya toshe ƙofofi, a bari ya bushe, a ɗora mai kauri a sama, ana ajiye shi da burushi a hankali maimakon a ja shi. A bango kuma ba a sa shi cikin ɗanyen shafe yadda ake yi wa sauran launuka. Sai bango ya bushe a ɗora shi da danƙo, sau da yawa bisa shimfiɗar ja mai duhu ko baƙi don ya ƙara zurfi. Haka mai zane Giotto ya yi a ɗakin ibadar Sukurobeni da ke Faduwa wajen 1305, shi ya sa a wurare da dama shuɗin tufafin ya ɓanɓare alhali sauran launuka suna nan daram. Masu tattali kuma sukan shimfiɗa azurait a ƙasa, su yi masa mayafi da lazawardi siriri a sama, ido ya ga mai tsada, aljihu ya biya mai araha. Ni a ganina ba laifi a wannan in mai kaya ya sani ya yarda, gama launin da yake fitowa ya fi na kowane ɗayansu shi kaɗai cika.

Daga ƙarni na 15 zuwa tsakiyar na 17 babu shuɗin da masu zanen Turai suka yi aiki da shi kamarsa. Shi ne a bayan hoton wata mata mai riƙe da kurege da mai zane Holbein ya zana, wanda yake a Landan yanzu. Daga baya ya yi wuyar samu, marubutan zamanin suka danganta wannan ga yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya a Hangare. A farkon ƙarni na 18 aka gano shuɗin Furusiya a Balin, a 1828 kuma aka bayyana hanyar haɗa lazawardi a masana'anta, wanda jikansa ne bular da ake sa wa fararen kaya, sai kasuwar dutsen ta faɗi. Waɗanda suka riƙe sana'ar a yau su ne masu zanen gargajiya na Japan da Sin da Tibet, da masu gyaran tsofaffin littattafai da zane-zane a gidajen tarihi, domin wanda zai cike gurbin da ya ɓanɓare a aikin shekara ɗari biyar yana bukatar ya san girman ƙwayar da mai aikin farko ya zaɓa, da abin da ya ɗaure ta da shi, da hawa nawa ya yi.